Kunshin darasin "Shari'ar Jankiz Khan": tsarinsa ya yi, amma takardar tuhumar sai an sake ta

Malaman tarihin duniya a sakandaren Amurka suna da wani darasi da suke ji da shi idan aka kai babin Mongolawa. Sukan mayar da aji kotu, a gurfanar da Jankiz Khan, wanda ya kafa daular Mongolawa, ɗalibai su kasu: waɗannan masu gabatar da ƙara, waɗancan masu kare wanda ake tuhuma, wasu shaidu, sauran kuma masu taya alƙali yanke hukunci. Abin ya karɓu har ya zama haja. Malamai kan haɗa shi a kunshi guda su sa a shafukan da suke sayar wa juna kayan koyarwa, irin su Teachers Pay Teachers, a kan 'yan daloli, wasu kuma su sake nasu kyauta. Ba hannu ɗaya ke shirya shi ba, don haka za ka tarar da shi iri-iri, sai dai ƙashin bayansu ɗaya ne, kuma shi za a duba a nan.

Idan ka sauke kunshin, abin da galibi za ka samu shi ne takardar tuhuma shafi guda, katunan shaidu wajen goma zuwa goma sha biyu, kowanne da ɗan tarihin mutumin da guntun abin da ya rubuta ko aka rubuta a kansa, takardar umarni ga lauyoyin ɓangarorin biyu, takardar da masu taya alƙali za su riƙa cikewa yayin zama, jadawalin ba da maki, da taswira. Wasu kan ƙara tsarin zaman kotun kalma da kalma, tun daga "kowa ya miƙe" har zuwa karanta hukunci. Duka da Turanci suke. Kafin ka biya, duba ko fayil ɗin ana iya gyara rubutunsa. Wasu a kulle suke zuwa, sai dai ka buga yadda suke, kuma kamar yadda za a gani, wannan kunshi ne da dole a sa masa hannu. Ka kuma san cewa kuɗin da ka biya na malami ɗaya ne, ba na makaranta duka ba.

Abin da ya sa ya cancanci kuɗinsa guda ne, amma babba ne: yana tilasta wa ɗalibi ya tambayi marubucin tarihi irin tambayar da lauya ke yi wa shaida. Kana wurin? Yaushe ka rubuta? Wa ya gaya maka? Tuwon wa kake ci? Ɗalibin da za ka kwana kana yi wa bayanin muhimmancin tantance madogara ya yi ta hamma, da zarar ka ce masa akwai abokinsa a ɗaya ɓangaren da zai kunyata shi gaban aji, sai ka ga ya zauna ya karanta katin sau uku.

Ga yadda abin yake idan ya yi kyau. Masu gabatar da ƙara sun kira Juwaini, marubucin Farisa, ya shaida cewa an kashe mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a birnin Marw a 1221. Lauyar kariya ta miƙe.

"Allah ya gafarta malam, kana Marw ranar da aka ci ta?"

"A'a. Ba a ma haife ni ba, a 1226 aka haife ni."

"To wa ya ƙirga maka gawarwakin?"

"Wani sharifi ne da mutanensa. Kwana goma sha uku suka yi suna ƙirga, dare da rana."

"Wato gawa dubu ɗari kowace rana, kwana goma sha uku a jere?"

Nan aji kan ɗauki shiru, don kowa ya yi lissafin da kansa. Sai ta ƙara ɗaya: "Wa ya naɗa ka gwamnan Bagadaza?" Amsa: Hulaku, jikan wanda ake tuhuma. To daga nan ne abin ke yin daɗi, domin mai gabatar da ƙara mai kaifin kai zai karɓe wannan amsar ya juya ta. Idan ma'aikacin Mongolawa da kansa, mai cin albashinsu, shi ya rubuta wannan adadi, to ba ƙazafin maƙiyi ba ne. Wataƙila ma su Mongolawan ne ke son a ji irin wannan labari, tun da tsoro yana buɗe musu ƙofar gari na gaba ba tare da sun harba kibiya ba. Adadin bai inganta ba, kisan kuma ya tabbata. Ɗalibin da ya iya riƙe waɗannan biyun tare a kansa ya koyi abin da littafin karatu ba ya koyarwa, kuma wannan musayar ta minti biyu ta fanshi kuɗin kunshin.

Matsalar tana farawa ne tun daga shafin farko. Yawancin takardun tuhumar sun ɗauki ɗaya daga salo biyu. Na farko shi ne tambaya mai faɗi: shin Mongolawa 'yan ta'adda ne marasa wayewa ko kuwa masu kawo ci gaba? Wannan ba tuhuma ba ce, taken muhawara ne, kuma babu kotun da za ta iya yanke ta. Me za a tabbatar? Me za a musanta? Masu gabatar da ƙara su jero garuruwan da aka rusa, masu kariya su jero hanyoyin fatauci, kowa yana magana a gefensa, ba sa haɗuwa ko'ina, masu taya alƙali kuma su zaɓi wanda ya fi iya baki. Salo na biyu shi ne a rubuta sunan Jankiz Khan a matsayin wanda ake tuhuma, sannan a loda masa duk abin da ya faru daga 1206, shekarar da aka naɗa shi, har zuwa faɗuwar daular Yuwan a ƙasar Sin a 1368. Mutumin ya rasu a watan Agusta na 1227. Kiev ta faɗi a 1240 a hannun jikansa Batu. Bagadaza ta faɗi a 1258 a hannun wani jikan, Hulaku, shekara 31 bayan an binne kakan. Annobar da ta tashi daga Kaffa, wani gari a gaɓar Baƙin Teku, a 1346, wadda wasu katuna ke jingina masa, ta zo bayan fiye da ƙarni guda. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Duk lauyan kariya da ya lura da shekarun zai rushe rabin ƙarar da jimla ɗaya, idan kuma babu wanda ya lura, to an koyar da aji tarihi a cakuɗe.

Taswirar ma tana taya wannan ɓarna. Wadda ake yawan sakawa ita ce ta daular a ƙarshen ƙarni na 13, lokacin da ta kai iyakar faɗinta, da kudancin Sin da Iraƙi da Rasha duk a ciki. Babu ko ɗaya daga waɗannan da ke hannun Jankiz Khan ranar da ya mutu. Nemi taswirar 1227 ka liƙa kusa da ita.

Gyaran ba shi da wuya, aikin yamma ɗaya ne. A rubuta tuhuma uku, kowacce da wuri da shekara da aikin da aka yi. Misali, ta ɗaya: kashe mazajen ƙabilar Tatar a 1202, inda aka auna su da ƙusar kan ƙafar keken shanu, duk wanda ya fi ta tsawo aka kashe shi. Wannan ba daga bakin maƙiya ya fito ba, yana cikin tarihin da Mongolawa suka rubuta wa kansu, wanda ake kira Asirtaccen Tarihin Mongolawa. Ta biyu: tura mutanen gari da aka kama gaban runduna su zama garkuwa, kamar yadda aka yi da mutanen Bukhara wajen cin ganuwar cikin birnin a 1220, sannan aka kora wasunsu zuwa Samarkand. Ta uku: kashe mutanen Marw bayan sun miƙa wuya bisa alƙawarin aminci. Wannan ta ukun ita ce mai nama, domin ba Jankiz Khan ne ya ja rundunar Marw ba, ƙaramin ɗansa Tolui ne. Sai tambaya ta taso da kanta: uba kuma sarki yana ɗaukar laifin abin da kwamandansa ya yi? Ya ba da umarni? Ya sani? Ya hukunta shi daga baya? Waɗannan tambayoyi ne da ake amsawa da shaida, kuma irinsu ake yi a kotunan laifukan yaƙi na yanzu.

Wanda ya kai mu ga abin da kunshin kan tsallake gaba ɗaya: da wace doka ake shari'ar? Takardun sukan ari kalmomin zamani, kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, cin zarafin bil'adama, ba tare da ma'anarsu ba. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga kisan ƙare dangi a 1944 Raphael Lemkin ya ƙirƙiro ta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana shi a 1948, kuma sharaɗinta shi ne niyyar shafe wata al'umma saboda ƙabilarta, ƙasarta, launinta ko addininta. Da wannan ma'auni, batun Tatar ya fi shiga, na Marw kuwa wani laifin ne daban. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague, ta faɗa ƙarara cewa ba ta komawa baya. Idan malami bai yanke wannan magana tun ranar farko ba, ranar zama lauyan kariya zai miƙe ya ce kotu ba ta da hurumi, kuma gaskiyarsa. Hanya biyu ce. Ko dai alƙali ya sanar tun farko cewa wannan kotu ta ɗauki dokar yau kuma ba za a saurari ƙorafin hurumi ba, ko kuma, wanda ya fi ilimantarwa, a auna mutumin da ƙa'idar da shi da kansa ya shimfiɗa: garin da ya sallama ya tsira, wanda ya yi turjiya ya halaka. A nan kowane ɓangare na da abin riƙewa. Masu kariya za su kawo Barcuk, sarkin Uigur, wanda ya yi mubaya'a da kansa a 1211 aka bar masa ƙasarsa. Za su kawo Herat, wadda aka bar mutanenta a karon farko a 1221, sai da ta yi tawaye aka dawo aka shafe ta a 1222. Masu gabatar da ƙara su ce to Marw fa? Kada dai wani ya ce zai kawo cikakken kundin Yasa, dokar Jankiz Khan, a matsayin shaida. Kundin bai iso mu a cike ba, guntaye ne a littattafan wasu, wasu katunan kuma sukan jero su da lamba kamar tsarin mulki ne da aka buga.

Jerin shaidun shi ne wuri na biyu da ke bukatar almakashi. Kusan ko da yaushe Marko Polo, matafiyin nan ɗan Italiya, na ciki, kuma shi ne tauraron ɓangaren kariya. An haife shi a 1254. Fadar da ya gani ta Kublai ce, jikan Jankiz Khan, wajen 1275. Shaida ne nagari a kan tashoshin aika saƙo da kuɗin takarda na zamanin Kublai, amma a kan Jankiz Khan ji ya yi kamar kowa. Tashoshin saƙon ma, waɗanda ake kira yam, a zamanin Ogodai, magajin Jankiz Khan, aka tsara su sosai. Haka maganar nan da ake yawan ɗaukowa ta ɗan kasuwar Fulorens, Pegolotti, cewa hanya daga Tana, a bakin tekun Azov, zuwa Sin lafiya lau take dare da rana: wajen 1340 aka rubuta ta, kuma daga bakin fatake ya ji. A ɓangaren ƙara kuma sau da yawa za ka ga Matthew Paris, wani malamin coci a Ingila da ya zana Mongolawa suna gasa naman mutum, alhali bai taɓa ganin Bamongole da idonsa ba. A bar shi a jerin idan ana so, amma don a ga yadda ake kayar da shaida, ba don a gina ƙara a kansa ba. Karpini, jakadan Fafaroma da ya ratsa Kiev a 1246 ya ga ƙoƙunan kai a daji da gidajen da ba su wuce ɗari biyu ba, shaida ne na gaske, sai dai a shari'ar Batu.

Sannan akwai shaidun da aka ƙirƙira: "wani manomi daga Sin", "wata mata daga Farisa", "wani sojan Mongol". Manufar mai kyau ce, a ji muryar talaka. Amma tun da babu rubutu a bayansu, ɗalibi sai ya ƙago abin da ya ga dama, kuma babu yadda za a yi a titsiye shi. Ɗaya ya isa, kuma a ɗaure shi da wani nassi na gaske da ba zai fita daga cikinsa ba.

Waɗanda ya kamata su cike gurbin mutanen zamanin ne. Ibnul Asir, wanda ke Mosul yana jin labari daga 'yan gudun hijira, ya ce ya yi shekaru yana ƙin rubuta abin saboda nauyinsa, ya kuma ba da adadin dubu ɗari bakwai a Marw, kusan rabin na Juwaini. Sa su biyun a ɓangare ɗaya ka ga yadda masu kariya za su ci kasuwa a tsakaninsu. Juzjani, wanda ya yi yaƙi da Mongolawa sannan ya tsere zuwa Indiya ya rubuta nasa a Delhi. Ga kariya kuma, babu kamar batun Otrar. A 1218 gwamnan garin, Inalcuk, ya kashe ayarin fatake wajen ɗari huɗu da hamsin da suka fito daga ƙasar Jankiz Khan, Musulmi ne kuwa, ya kwashe kayansu. Da aka aika jakadu wurin Sarkin Khwarazm, Muhammad, wanda Otrar ke ƙarƙashinsa, neman a miƙa gwamnan, sai aka kashe babban jakadan aka aske wa sauran biyun gemu. Duk kunshin da babu Otrar a ciki ya ɗaure wa masu kariya hannu. Da ita kuma muhawara kan koma inda ya dace: an tsokane shi, babu musu, amma laifin gwamna ɗaya da sarki ɗaya ya halatta jinin garuruwa? A ƙara Cangcun, malamin addinin Dawo da ya yi doguwar tafiya daga Sin ya gana da shi a 1222, da Yelu Cucai, masanin da ya yi masa hidima tun 1218, bayan faɗuwar birnin Jongdu (Beijing ta yau) a 1215.

Katunan kariya suna da wata gargada da ya kamata malami ya sani. Suna son kalmar 'yancin addini, suna ba da ita kamar tsarin mulkin zamani. Akwai gaskiya a ciki. An yafe wa malaman addinai haraji, da sharaɗin su riƙa yi wa sarki addu'a. Rubruk, wani malamin coci da ya je Karakorum, babban birnin Mongolawa, a 1254, ya ƙirga masallatai biyu da coci ɗaya da ɗakunan bauta goma sha biyu a garin. Sorgagtani, matar Tolui, Kirista ce, ta ba da kuɗi aka gina madarasa a Bukhara. Amma su dai Mongolawan ne suka hana yanka dabba irin na Musulmi, Cagatai ɗan Jankiz Khan ya tsananta wannan a ƙasarsa, Kublai ya sabunta hanin a 1280, bai janye ba sai 1287 da fataken Musulmi suka daina zuwa haraji ya ragu. Ba kasafai katunan ke ambaton wannan ba. Ba masu gabatar da ƙara shi a rubuce.

Akwai kuma kuskuren tunani da tsarin kunshin ke haifarwa. Yakan bar masu kariya su amsa tuhumar kisa da jerin alherai: an buɗe hanyoyi, ilimi ya yi yawo, an gina ɗakin nazarin taurari a Maraga a 1259. Wanda ya kashe maƙwabcinsa ba ya zuwa gaban alƙali ya ce ai na haƙa rijiya a unguwa. Rijiyar tana da wurinta, amma a wajen neman sassauci, bayan an tabbatar da laifi. Raba zaman gida biyu: na farko, ya aikata ko bai aikata ba, na biyu, me za a ce game da abin da ya biyo baya. Da wannan rabon, Marko Polo ma ya samu kujerar da ta dace da shi.

Wanda zai yi amfani da kunshin a aji na ɗalibai Musulmi, a darasin tarihin Musulunci misali, wajen faɗuwar daular Abbasiyya, yana da wani aiki da mai shirya shi bai yi tunaninsa ba. An tsara shi ne don yaran da sunan Naisabur ba ya motsa musu komai. Ɗalibin da ya tashi yana jin Bukhari da Muslim da Tirmizi da Nasa'i kuwa, da ya gane cewa Bukhara da Naisabur da Tirmiz da Nasa garuruwan waɗannan malamai ne, kuma duk an ci su tsakanin 1220 da 1221, ya gama yanke hukunci kafin a buɗe zama. Malamanmu ma da sunan Tatar suka san Mongolawa, kuma ba da alheri ba. Sakamakon shi ne babu mai son zama lauyan kariya, wanda aka tilasta wa kuma ya yi aikin da sanyin jiki. Maganinsa a raba ɓangarori da ƙuri'a, a sa biyu daga cikin ɗalibai mafi ƙwazo a kariya da gangan, a kuma faɗa a fili cewa kare wanda ake tuhuma ba yabonsa ba ne. Tuhuma mai wuri da shekara tana taimakawa sosai a nan, don mutum zai iya ƙin Jankiz Khan har zuci amma ya yarda cewa ba a tabbatar da tuhuma ta uku a kansa ba.

Su kuma irin waɗannan ɗalibai Bagadaza za su nema, kuma haƙƙinsu ne. A ba ta zamanta daban, da Hulaku a akwatin tuhuma. Kayan aikin suna da yawa. Shi da kansa, a wasiƙar da ya aika wa Sarkin Faransa Luwi na Tara a 1262, ya ambaci mutum dubu ɗari biyu. Ibn Kasir, wanda aka haifa fiye da shekara arba'in bayan abin, ya kawo ƙauli uku: dubu ɗari takwas, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, da miliyan biyu. Labarin nan na cewa kogin Dijla ya yi baƙi da tawadar littattafai daga marubutan baya ya fito, ba daga wanda ya tsaya a bakin kogin ba, kuma ɗalibai za su so su kawo shi, a bar su su kawo a titsiye su. Berke, sarkin Mongolawan arewa da ya musulunta ya kuma yaƙi Hulaku a 1262, shaida ne da ke rikita duk mai ɗaukar Mongolawa abu guda. Mutum ɗaya ne shawara a bar shi a waje: Ibnul Alƙami, wazirin Khalifa Musta'asim, wanda wasu marubuta suka zarga da haɗa baki da Hulaku, wasu masana kuma ke ganin an ɗora masa fiye da laifinsa. Da zarar ya hau kujerar shaida, shari'a ta bar Hulaku ta koma kan mazhaba, kuma minti arba'in ba zai kashe wannan wutar ba.

Lissafin lokaci da kunshin ke bayarwa ma ba ya cika. Sukan ce kwana biyu na shiri, kwana biyu na zama. Ɗauki shaidu goma sha biyu, kowanne minti uku na tambayar wanda ya kira shi, minti biyu na titsiye, minti ɗaya na tashi da zama: minti 72. Ƙara jawabin buɗewa minti uku-uku da na rufewa minti huɗu-huɗu, ka kai 86, ba a ma fara shawarar hukunci ba. A makarantar da darasi ke minti 40, wannan zama uku ne. Rage shaidu zuwa takwas, huɗu-huɗu: 48 da 14 sun zama 62, a ba masu taya alƙali minti 15, ka tsaya a 77, ya shiga darasi biyu da ƙyar. A sa ɗalibi ɗaya da agogo da ƙararrawa, kuma alƙali ya yanke magana a tsakiyar jimla idan lokaci ya cika. Sau ɗaya zai yi hakan kowa ya shiga taitayinsa. Alƙalin kuma malami ne ya kamata ya zama, ba ɗalibi ba, duk da wasu kunshin na ba da shawarar haka, domin shi kaɗai zai iya gane lokacin da shaida ya fara ƙaga abin da babu shi a katinsa. Shiri kuwa kwana biyu ba ya isa idan Turanci ba harshen gida ba ne, don guntayen nassin fassara ce ta tsohon salo. Ba su uku, kuma lauyoyi su miƙa tambayoyinsu a rubuce kwana ɗaya kafin zama. Kowane kati kwafi uku yake bukata, na shaida da na ɓangarorin biyu. Inda aka yi tsimin takarda aka hana ɓangaren hamayya kwafi, titsiye kan mutu, don ba su san me za su tambaya ba.

An auna kunshin da aji na mutum 25 zuwa 30. Idan naka 60 ne, shaidu takwas, kowanne da mai shirya shi guda, lauyoyi huɗu-huɗu, magatakarda da mai agogo, sun kama 26. Sauran 34 a raba su rukuni uku na masu taya alƙali, kowane rukuni ya yi shawararsa a kusurwarsa ba tare da jin na wani ba. Sau da yawa hukuncin kan bambanta, kuma tambayar dalilin bambancin ita ce darasin rana ta gaba. A tuna cewa kotunan Najeriya ba sa aiki da irin wannan rukuni, ɗalibai alƙali suka sani, don haka a ɗauki minti biyar a bayyana musu aikinsu. Kada a nemi bakinsu ya zo ɗaya kamar yadda ake yi a shari'ar laifi a Amurka. Kashi biyu cikin uku ya wadatar, a kan kowace tuhuma daban.

Jadawalin makin shi ne shafin da ya fi rauni bayan na tuhuma. Yakan ba da kaso mai tsoka ga shiga da kwaikwayon murya da "zama cikin rawar", sai ka ga yaro ya ɓata daren jiya yana ɗinka hular gashi da gashin baki na auduga, katin kuma bai karanta ba. Shigar ma takan zame ta koma ba'a ga kamannin mutanen Asiya, aji ya ɓarke da dariya ana tsakiyar maganar kisan Naisabur. Takardar suna a ƙirji ta isa. A maki 20, takwas su tafi ga amfani da nassi daidai, shida ga rubutun da aka miƙa, huɗu ga ingancin tambaya ko amsa, biyu ga ladabin kotu. Kada cin shari'a ya kawo ko rabin maki. Masu taya alƙali kuma kowanne ya rubuta shafi guda, ya ambaci shaidu uku da sunansu, ya faɗi wanda ya gaskata da wanda ya ƙi da dalili, in ba haka ba rabin aji ya zo kallo ne kawai.

Yawancin masu sayarwa suna barin a leƙa shafi biyu ko uku kafin a biya. Je kai tsaye ga jerin shaidu. Idan ka ga Juwaini ko Ibnul Asir ko batun Otrar, mai shi ya yi karatu, saya ka gyara tuhumar. Idan kuwa Marko Polo ne a sama, annobar 1346 a ƙasa, wanda ake tuhuma kuma Jankiz Khan, nemi na kyauta ka ɗauki tsarin zaman kotun da takardar masu taya alƙali, katunan ka rubuta naka.